Yadda Za Ka Koyar da Tushen Ƙirar Jirgin Sama da Fom, Gora da Sikeli

Kusan kowace shekara sai hoton wani matashi ya karaɗe Facebook: ya haɗa jirgin sama da tsoffin ƙarafa da kwanon rufi, ya ɗora masa injin babur, ya sha fenti, har da kujerar matuƙi. Jama'a su yi dafifi ana sa masa albarka. Hannu kam yana da shi, waldar ma ta kama, amma jirgin ba zai bar ƙasa ba ko za a shekara ana ba shi wuta, domin ba wanda ya taɓa ɗora shi a kan sikeli, ba kuma wanda ya lissafa faɗin fiffiken da zai iya ɗaukar wannan nauyi. Abin da yaron ya rasa shi ne abin da ya kamata wurin koyon sana'a ya ba shi: awo, lissafi, gwaji, da rubuta abin da gwajin ya nuna.

Wannan jagora ta malaman makarantun fasaha ce da cibiyoyin koyon sana'a, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Jega, Zuru da Yawuri. Aikin shi ne ƙaramin jirgi mara inji, wanda ake sakinsa da hannu, tsawon fiffikensa santimita 90, nauyinsa wajen giram 100. Kada ƙanƙantarsa ta sa ka raina shi. George Cayley na Ingila da irinsa ya fara a 1804, da fiffike da wutsiya da ɗan nauyin da ake matsarwa gaba ko baya. Wilbur da Orville Wright kuwa masu shagon kekuna ne a Amurka, kuma sai da suka yi shekaru suna gwada jirage marasa inji kafin su ɗora wa nasu inji ya tashi na daƙiƙa 12 a ranar 17 ga Disamba 1903.

Fara da lissafi kafin kowa ya taɓa reza

Abubuwa huɗu ne ke aiki a kan duk abin da ke tafiya cikin iska. Nauyi yana jan sa ƙasa, fiffike yana ɗaga shi, inji yana tura shi gaba, iska tana turje masa. Namu ba shi da inji, don haka gangarowar da yake yi a hankali ita ce ke ba shi gudu.

Game da ɗagawa, ka faɗa wa ɗalibai gaskiyar magana a taƙaice: fiffike yana karkatar da iska zuwa ƙasa, ita kuma ta ture shi sama, matsin iskar da ke samansa ya kasance ƙasa da na ƙarƙashinsa. Akwai wani bayani da ya cika littattafan makaranta, wai iskar sama dole ta yi sauri don ta riski ta ƙasa a bayan fiffike. Wannan ba haka yake ba, ba abin da ya tilasta musu haɗuwa, kuma gara kada ka dasa shi a kan yara.

Lissafin da za a rubuta a allo guda ɗaya ne. Ƙarfin ɗagawa daidai yake da rabi, sau nauyin iska, sau gudu, sau gudu kuma, sau faɗin fiffike (wato tsawonsa sau faɗinsa), sau wata lamba da ke nuna kyan siffar fiffiken da yadda ya karkata. Ga ƙaramin fiffike irin namu, ɗauki lambar a matsayin 0.6. Nauyin iska kilo 1.225 ne a kowace mita kubik idan ana bakin teku kuma zafi digiri 15 ne. Mu nan ba haka muke ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, iskar tana saki ta koma wajen 1.13, shi ya sa jirgi mai lodi yake buƙatar doguwar hanya kafin ya tashi da tsakar rana. Mu ɗauki 1.15.

Fiffikenmu santimita 90 ne a tsawo, 15 a faɗi, wato murabba'in mita 0.135. Giram 100 kuwa, a ma'aunin ƙarfi, niyuton 0.98 ne, kuma dole ɗagawa ta kai wannan nauyi kafin jirgi ya tsaya a iska. Rabi sau 1.15 sau 0.135 sau 0.6 ya ba da 0.0466. Raba 0.98 da wannan, ka sami 21, wato gudu sau gudu. Lambar da za ta ninka kanta ta ba da 21 ita ce 4.6. To jirginmu zai yi tafiya a mita 4.6 cikin daƙiƙa, gudun da yaro zai iya bi a guje.

Daga nan sai ka sa su sake lissafin da giram 200. Za su sami 6.5. Nauyi ya ninka, gudu ya ƙaru, ƙarfin bugun da zai yi wa ƙasa kuwa ya ninka har sau huɗu. Idan kana son ajin ya yi tsit, ba su na jirgin ƙarfe: a ce kilo 400, fiffike murabba'in mita 4, a yi masa alfarma a ba shi lamba 1.2. Sai ya kai wajen kilomita 136 a sa'a kafin tayarsa ta rabu da ƙasa. Daga ranar ba za ka sake jin wani ya ce a sa rodi don jirgi ya yi ƙwari ba.

Kayan aiki

Farin fom ɗin da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin shi ne fiffike da wutsiya. Masu sayar da kayan lantarki sukan zubar da shi, sai dai ka zaɓi mai ƙananan ƙwayoyi, wanda ba ya marmashewa idan ka murza. Gangar jiki kuwa sanda ce mai tsawon santimita 75, ta busasshiyar gora da aka fere ko ta tukurwa. Tukurwa ta fi sauƙin nauyi, gora ta fi jure faɗuwa. Sai reza sabuwa, samfefa mai laushi da mai kaushi, rula, tef ɗin tela, selotef mai faɗi, robar ɗaure kuɗi, tsinken tsire, da 'yan noti ko washa na ƙarfe don nauyin hanci.

Gam yana da magana. Farin gam na kafintoci, irin Top Bond, shi ne lafiya, duk da sai an bar shi ya kwana. Super Glue da gam ɗin masu gyaran takalma suna cinye fom nan take, haka ma fetur da yawancin fentin feshi. Ka sa ɗalibi ya ɗiga ɗaya a kan guntun fom gaban kowa su ga ramin da zai yi.

Abin da ba za a yi aikin ba sai da shi shi ne sikelin dijital mai nuna giram da ɓurɓushinsa, irin na masu awon zinariya. In kuɗin ajin abu ɗaya kawai za su saya, to shi za a saya. Kowane rukuni, mutum uku ko huɗu, su kuma riƙe littafi guda, duk abin da aka yanka a auna shi a rubuta.

Fiffike

Yanka fom gida biyu, kowanne santimita 45 da 15, kaurinsa santimita ɗaya da rabi. A yanka da rula a jiki, reza a kwance, ana ja sau da yawa a hankali, ba a danna ta sau ɗaya ba.

Siffar ita ce inda aikin yake. Ƙasan fiffike a bar shi shimfiɗe. Sama kuwa a ja layi tsawonsa, santimita 5 daga gaba, nan ne wuri mafi kauri kuma samfefa ba za ta taɓa shi ba. Daga layin zuwa gaba a goge ya yi ƙoƙo, bakin ya zama zagayayye, kada a fiƙe shi. Daga layin zuwa baya a goge ya gangara a hankali har ƙarshen ya rage milimita 2 ko 3. Yara sukan so su fiƙe gaba don wai ya tsaga iska. Baki mai kaifi yana sa iska ta saki saman fiffike da wuri da zarar hanci ya ɗan ɗaga, shi ke nan jirgi ya faɗo.

A yanka siffar a jikin kwali mai tauri tukuna, a riƙa ɗora ta a kan fom ɗin ana dubawa a wurare uku ko huɗu. Samfefa a naɗe ta a jikin katako mai faɗi, in an riƙe ta da yatsu sai ta yi ramuka. Kuma a yi wannan aikin a waje ko kusa da taga, a rufe hanci, don garin fom ba abin shaƙa ba ne.

In an gama, a auna ɓangarorin biyu daban-daban. Bambancin da ya wuce giram ɗaya a gyara shi yanzu, a rage mai nauyin. Sannan a tsaga ɗan rami a ƙasan kowanne, daidai ƙarƙashin layin kauri, a kwantar da siririyar gora mai kaurin milimita 3 da gam. Ita ce ƙashin fiffike. A bi bakin gaba da selotef.

Wajen haɗa su, ba a miƙe ake haɗawa ba. A goge bakunan da za su haɗu su ɗan karkace, a kwantar da tsakiya a kan tebur, a tallafe kowane ƙarshe da abu mai tsayin santimita 4. Wannan ya ba da kusan digiri 5 a kowane gefe. Amfaninsa: idan jirgi ya kife gefe ɗaya ya fara zamewa, fiffiken da ke ƙasa yana samun iska fiye da na sama, sai ya ɗago ya daidaita da kansa. A bar gam ya kwana a haka, kada kowa ya taɓa.

Wutsiya da gangar jiki

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Wutsiyar kwance santimita 30 da 9, kashi 20 cikin ɗari na fiffike ke nan. Ta tsaye santimita 12 da 10. Dukansu daga fom mai kaurin milimita 4 ko 5, shimfiɗaɗɗu, a ɗan zagaye bakin gaba. A manna su a ƙarshen sanda, a duba da sukwaya cewa ta tsaye ta miƙe cak. Giram ɗaya a wutsiya sai an biya shi da wajen giram biyu a hanci, don haka a yi rowar gam a nan.

Bakin gaban fiffike zai zauna santimita 18 daga hanci. A manna ɗan faifan katako mara nauyi a wurin ya zama mazauni, a soke tsinken tsire biyu a gabansa da bayansa, a ɗaure fiffiken da robar kuɗi a giciye. Kada a manna shi da gam. In jirgi ya daki ƙasa, roba za ta saki fiffike ya fice lafiya maimakon ya karye. A ƙarƙashin bakin gaba a cusa ɗan kwali mai kaurin milimita 5 ko 6, don fiffike ya ɗaga kai da kamar digiri 2 fiye da wutsiya.

Cibiyar nauyi

Nan ne jirage da yawa ke mutuwa, nan kuma ya kamata malam ya zauna ya ɓata lokaci. Cibiyar nauyi ita ce inda za ka tallafi jirgi da yatsu biyu ya tsaya bai rinjaya gaba ko baya ba. Ga irin namu, wurin yana tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gaba, wato santimita 4 zuwa 5. A sa alama da biro a ƙasan fiffike, hagu da dama, a santimita 4.5. A ɗora a kan yatsu. Kusan kullum wutsiya ce za ta rinjaya, sai a riƙa ɗaura noti a hanci da selotef har ya tsaya, hanci ya ɗan sunkuya kaɗan.

Dalilin yana da daɗin fahimta idan aka bi shi a hankali. A ce iska ta ɗaga hancin jirgi. Wutsiya ma ta karkata, ta sami ƙarin ɗagawa, kuma da yake tana can nesa a ƙarshen sanda, ƙaramin ƙarfinta ya isa ya mayar da hanci ƙasa. Amma fiffike shi ma ya sami ƙarin ɗagawa. Idan cibiyar nauyi ta yi baya sosai, ƙarin da fiffike ya samu yana gabanta, sai ya ƙara ɗaga hancin, ya rinjayi wutsiya, jirgi ya miƙe tsaye ya faɗo. Idan ta yi gaba sosai, jirgi zai natsu amma ya riƙa neman ƙasa da sauri. Mai nauyin hanci yana tafiya da ƙyar, mai nauyin baya kuwa ba ya tafiya sam. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake jera buhuna a jirgin ruwa a bakin kogin Yawuri ya san ba yawan kaya kaɗai ake dubawa ba, har da inda aka ajiye su. Manyan jirage ma ba sa tashi sai an cika takardar nauyi da daidaito.

Yanzu a auna jirgin gaba ɗaya a rubuta. Wanda ya kai giram 130 zai tashi, wanda ya haura 180 a koma a ga inda nauyin ya shiga. Galibi gam ne da selotef.

Gwaji a fili

Lokaci shi ne bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko dab da magariba, sa'ad da iska ta kwanta. Da hunturu, iskar arewa maso gabas kan taso da hantsi ta ƙwace jirgi, da bazara kuma ga guguwa. A ɗebi ƙura a saki a ga inda ta nufa, a fuskanci inda iskar ke fitowa.

Sakin jirgi ba jifa ba ne. A riƙe shi a ƙarƙashin cibiyar nauyi, a daidai kafaɗa, hanci na kallon wani wuri a ƙasa mai nisan mita goma, a tura shi a hankali a sake. Yaro zai ɗauka kamar jifan tsuntsu ne, ya wurga sama da ƙarfi, ya dawo yana cewa, "Malam, ya ƙi." Sai ka tambaye shi, "Samari, me ya yi kafin ya faɗi?" Amsar wannan tambayar ita ce darasin.

In ya ɗaga hanci, ya tsaya, ya sunkuya, ya sake ɗagawa, to ko nauyin hanci ya yi kaɗan ko kwalin da ke ƙarƙashin fiffike ya yi kauri. Abin da ke faruwa shi ne fiffike ya karkata ya wuce iyaka, iska ta sake shi. A manyan fukafukai iyakar wajen digiri 15 ce, a ƙanana irin namu ba ta kai haka ba. In ya nutsa kai tsaye, a ƙara kaurin kwalin da milimita ɗaya ko a rage nauyin hanci. In yana juyawa gefe ɗaya kullum, a riƙe shi a nesa a leƙa ta gaba da ido ɗaya, sau da yawa za a ga fiffike ɗaya ya murɗe ko wutsiyar tsaye ta kauce. Sai an tabbatar ba waɗannan ba ne za a ɗan lanƙwasa bayan wutsiyar tsaye zuwa ɗaya gefen.

Doka ɗaya ce ba a sassautawa: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a saki sau uku, a rubuta. Rukunin da ya ƙara noti, ya cire kwali, ya lanƙwasa wutsiya duk a tare, ko jirginsu ya gyaru ba su san abin da ya gyara shi ba.

Ma'aunin nasara shi ne nisan da ya yi a raba da tsayin da aka sake shi. Daga mita 1.5 ya sauka a mita 9, ya ci 6 ke nan, kuma wannan ba laifi ga fom. Manyan jirage marasa inji na gasa suna wuce 40.

Bututun gwajin iska

Ga ajin da ke da sauran lokaci, wannan ya fi jirgin kansa koyarwa. 'Yan'uwan nan Wright sun ƙera nasu a 1901 da akwatin katako da fanka, suka gwada ƙananan fukafukai wajen 200, kuma daga nan lissafinsu ya daidaita.

A sami dogon kwali mai buɗaɗɗen baki biyu, a sa fanka a baki ɗaya. Iskar fanka a murɗe take fitowa, don haka a cika gaban ta da tsinken shan lemo da aka yanka santimita 10-10 aka jera kamar saƙar zuma. A yanka taga a gefe a rufe da farar leda. A huda ƙasan kwalin, a ratsa siririn sanda ya zauna a kan sikeli, a kafa ɗan fiffike mai santimita 20 da 10 a samansa. A mayar da sikeli sifili, a kunna fanka. Lambar da za ta fito da alamar ragi ita ce ɗagawa, wajen giram 10 in iskar ta kai mita 4 a daƙiƙa. A riƙa ƙara karkatar fiffike digiri biyar-biyar ana rubutawa: lambar za ta hau, ta hau, sannan ta faɗi. A kunna turaren tsinke a gaban fiffike a daidai wannan lokacin, za a ga hayaƙin da ke bin bayansa a kwance ya tarwatse. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar hadda.

Inda ilimin zai ci abinci

Kaɗan ne daga ajin za su kai Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko su yi aiki a filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Sauran kafintoci za su zama, da masu walda da masu gyaran lantarki, kuma lissafin bai bar su ba. Iskar farkon damina mai gudun mita 25 a daƙiƙa, in ka sa ta a wancan lissafin na allo, ka ɗauki lambar a matsayin 1, tana iya jan kowane murabba'in mita na rufi da ƙarfin da ya kai wajen kilo 36. Rufin ɗaki mai murabba'in mita 20 ka ga abin da ƙusoshi ke riƙewa, ka kuma gane dalilin da ya sa kwano ke yayewa sama maimakon ya danne, da dalilin ɗaure katakon rufi da bango. Farfelar fanka da ta injin iska mai jan ruwa fukafukai ne masu juyawa, kuma murɗewar da ake yi musu daga gindi zuwa ƙarshe saboda ƙarshen ya fi gindin gudu ne.

Wajen ba da maki, ni dai ina ganin littafin rukuni ya ɗauki rabi, tsaftar aiki da daidaiton awo su ɗauki kashi 30, nisan tafiya ya tashi da 20. In aka ba nisa kaso mafi yawa, mai sa'ar iska zai doke mai aiki.

Za su matsa maka a sa inji da rimot. Kada a fara sai jirginsu mara inji ya ci 6 sau uku a jere, domin inji ba ya gyara jirgin da bai daidaita ba, sauri kawai yake ƙara wa faɗuwarsa. Kuma da zarar an sa inji da rimot, magana ta shiga hannun hukuma: jirage marasa matuƙi suna ƙarƙashin dokokin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa (NCAA) da izinin ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, a Zamfara ma gwamnatin tarayya ta ayyana hana shawagin jirage a watan Maris na 2021. Shugaban makaranta ya rubuta wa hukumomin tsaro na yankin tukuna, a tsaya cikin filin makaranta, a nisanci filin jirgi, barikin soja da wayoyin wuta.